Ranar da Aka Wanke Bargon Yero

Ni Yagana, turaren wuta nake haɗawa, sana'ar da na gada wurin uwata a Borno kafin aure ya ɗauko ni ya dire ni a Ƙofar Dumi, cikin garin Bauchi. Saboda haka abin da mutane ke riƙewa da ido, ni da hanci nake riƙe shi. In ka tambaye ni kamannin maƙwabcina Yero, sai in ce maka dogo ne siriri irin na danginsa, magana ta ƙare. Amma in labarin warin bargonsa kake so, nemi tabarma ka zauna.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasu, ita ma ba ta wuce ƙirjina ba. Yero Bafillacen daji ne, wanda bai taɓa kwana a ƙarƙashin azara ba sai da furfura ta gama cin kansa. Ciwon shanu na sammore ya shiga masa garke a wata kaka, ya riƙa ɗaukar shanun ɗaya bayan ɗaya har ya bar masa biyu rak, sannan gwiwoyinsa su ma suka ce sun gaji. Ɗansa Mansir, masinja a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, shi ya je ya lallaso shi ya kawo shi gari, ya kewaye masa ɗan fili a bayan gida ya ce ga ruga nan. Yero ya dubi filin, ya dubi sama. Ni ce dai na leƙo ta katanga na ce, "Sannu da zuwa, bawana. Yau Allah ya kawo min mai ɗebo min ruwa."

Ya ce, "Babarbariya, in dai ke ce maƙwabciyar, gara in koma wurin kuraye."

Daga ranar muka ƙulla, don tsakanin Barebari da Fulani ba a fushi da irin wannan.

Bargon nasa na soja ne. Bayan yaƙin duniya na biyu, da aka kai sojojinmu ƙasar Bama, akwai wani tsohon soja, Chijioke, mutumin Gabas, da ya buɗe rumfa a kasuwa yana sayar da ragowar kayan bariki, su takalma da gorunan ruwa da barguna a ninke tsibi guda. Yero ya ce min ranar da ya fara ɗaga ɗaya dariya ya yi, don ya saba da sakala, bargon ulu mai kauri da in ruwa ya taɓa shi sai ya wuni bai bushe ba. Wannan kuwa ba kauri ba nauyi, launinsa tsakanin toka da ganyen da ya soma bushewa. Ya ce wa mai rumfa wannan ai mayafin mata ne. Chijioke ya ce, "Baba, kai ɗauka ka gwada. Shi ba nauyi, amma sanyi yana jin tsoron shi. Ni na kwana da irin shi cikin ruwa, cikin dutse, ga ni nan ban mutu ba." Yero ya ɗauka. Duk shekarun da suka rage masa na kiwo da bargon nan ya yi su, yana ninke a kafaɗa in ana tafiya, a shimfiɗe in an sauka. In rana ta take ya rataya shi tsakanin sanda da reshe ya sami inuwa, in hadari ya taso ya lulluɓa, in saniya ta haihu a hanya da shi yake goge ɗan. Kuma tun da ya saya bai taɓa nuna masa sabulu ba. In ya yi ƙura ya kakkaɓe, in ruwan sama ya wanke, to ya wanke.

Da hantsi yakan shanya shi a kan katangarmu, ni kuwa ina zaune a gindinta ina dakan gajiji da farce, kayan haɗin turare. Da farko na yi ta masifa, na ce zai ɓata min kaya. Daga baya na yi shiru, don na lura in warin nan ya shigo hancina taɓarya takan tsaya a hannuna ban sani ba. Akwai hayaƙi a cikinsa, kuma ba na itace ɗaya ba, na ƙirya daban, na marke daban, ga na busasshen kashin shanu da ake turarawa don korar ƙuda. A ƙarƙashin hayaƙin akwai madarar da ta zuba ta bushe, da ciyawar fadama, da laka irin ta bakin kogi. In na lumshe ido sai in gan ni a wuraren da ƙafata ba ta taɓa takawa ba. Ga farin garke yana gangarowa daga dutse cikin raɓa, ƙahonni na kaɗawa a hankali, ga kogi shimfiɗe a gaba kamar ba ya tafiya, har kukan maruƙa nake ji daga can nesa. Sai kaza ta tsallake min turmi in farka, in ga ashe ina nan Ƙofar Dumi, maƙera na ta bugu a bakin lungu.

Shi ma haka yake yi. Da la'asar yakan zauna kusa da turke ya ja bargon ya rufe kafaɗunsa ko da ana zafi, ya tafi abinsa alhali yana zaune. In na kira shi sai na maimaita kafin ya dawo.

Shanun nan biyu ba darajarsu ɗaya ba a wurinsa. Akwai Saye, wadda ya saya a kasuwa, ƙatuwa mai nono amma masifaffiya, ko inuwarka ba ta so ta gani kusa da ita. Akwai kuma Fure. Mu in muna son sanin asalin mutum ubanninsa muke lissafawa, su kuwa Fulani har saniya suna lissafa mata iyaye, ta wajen uwa. Fure jikar jikar karsanar da aka ba Yero ce ranar sunansa, ita kuma karsanar daga shanun kakarsa ta fito. Duk 'yan'uwanta sammore ya kwashe. In Fure ta tafi ba ta bar mace ba, zuriyar ta yanke, kuma Yero ya san da wannan fiye da yadda ya san sunansa.

A daminar shekarar da za a ba da mulkin kai duka biyun suka kai watan haihuwa. Saye ce ta fara haihuwa, namiji, amma ya zo ba ƙwari. Yero ya naɗe shi a bargonsa yana jinya, yana kwana yana tashi da shi a ciki, har ɗan maraƙin ya cika. Kafin a yi wani abu sai ga duba-gari da farin wandonsa, ya ce cuta ce ta kashe shi, a binne shi yadda yake. Yero ya roƙa a bar masa fatar kawai. Ya yi masa bayani cewa saniyarsu ba ta sakin nono sai ta ji warin ɗanta, shi ya sa in ɗa ya mutu ake feɗe fatar a riƙa nuna mata. Duba-gari ya toshe hanci da hankici ya ce wannan a daji ake yi. Aka binne maraƙi da fatarsa, Saye ta ɗauke nononta ta shiga kuka, ta hana unguwa sakat.

Ba a jima ba Fure ta haihu. Mace ce, fara tas, da ɗan baƙi a bakin kunne. Na ji Yero yana hamdala da ƙarfi, abin da ban taɓa jin ya ɗaga murya a kai ba. Murnar ba ta je ko'ina ba, don Fure ba ta tashi daga haihuwar nan ba. Ta kwanta, ta ƙi ci, da aka ga za ta yi mushe aka kira mahauci. An kawo min kasona na nama, na dafa na ci, ba zan yi ƙarya ba. Yero bai taɓa ko romon ba.

To ga uwa ba ɗa, ga 'ya ba uwa, turkensu na kallon juna. Da aka matsa da 'yar kusa da Saye, tunkuyi ta kai mata. Ina leƙe ta katanga na ga Yero ya tsaya yana tunani, sannan ya ɗauko bargonsa, wanda bai sake lulluɓa da shi ba tun mutuwar ɗan Saye. Ya rufa wa 'yar Fure daga wuya har gindin wutsiya, ya zagayo da igiya ta ƙarƙashin ciki ya ɗaure. Ya tura ta a hankali yana yi wa Saye wata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci.

Saye ta sunkuyar da ƙaho, sai kuma ta tsaya. Ta miƙa hanci ta shinshina bargon, ta ja baya, ta sake dawowa. Ta daɗe tana bin sa da hanci daga wannan gefe zuwa wancan, tana wani gurnani a maƙogwaro wanda ban taɓa jin irinsa ba. Can sai ta fito da harshe ta soma lasar bargon. 'Yar ta lallaɓa ta kama hantsa, kumfa ya fito mata ta gefen baki, wutsiyarta na kaɗawa. Wallahi sai da na yi ƙwalla, ni da ba na ko shan nono.

Na ce, "Kai, bawana, ashe har saniya kuke yi wa wayo."

Ya ce, "Ba wayo ba ne, rarrashi ne. Ɗanta take ji a ciki. In nononta ya ratsa jikin 'yar, za ta soma warin Saye da kanta, sai a cire bargon. Kafin nan dai, ko ruwan alwala kar ya taɓa shi."

Ni ya gaya wa wannan, ni da ke wancan gefen katanga. Wadda take cikin gidan bai gaya mata ba. Habibatu ke nan, matar Mansir, 'yar wani maɗinki a cikin gari, yarinya mai tsabta har ta yi yawa, wadda ko tsintsiya sai ta wanke kafin ta ajiye. Tana ganin girman surukinta ƙwarai, amma kunya ta raba su. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ta kawo abinci ta durƙusa ta ajiye ta tashi. Shi kuma ga kunyar Fulani, in zai ce a ƙara gishiri a miya sai ya faɗa wa bango, ko ya jira Mansir. Mansir kuwa a kwanakin nan ba ya zama, kullum yana kan keke yana rarraba saƙonnin shirin bikin mulkin kai. Bayan gida wurin shanu ba ta zuwa, abin da ta sani kawai shi ne da tsakar rana, in 'yar ta ƙoshi, Baffa, kamar yadda ake kiran Yero a gidan, yakan kwance bargon ya ɗora a katanga ya sha iska.

Ana cikin haka mai shela ya zaga unguwa ya ce kowa ya share ƙofar gidansa, ya shafa farar ƙasa, ya wanke tufafinsa, ranar Asabar ƙasa za ta zama tamu. Ranar Laraba na tafi kai turare gidan wani biki, Yero kuma ya fita yankan ciyawa. Da na dawo, tun daga zaure hancina ya gaya min an yi ɓarna. Sabulu nake ji, sabulun kanti mai ƙamshin lemo. Na shigo na ga bargon a kan katanga yana ɗiga, ya yi fes, har wani kore-kore ya fito masa da ban san yana da shi ba. Na kai hancina. Babu hayaƙi, babu madara, babu kogi, babu ɗan Saye. Na zauna a kan turmi.

Habibatu ta leƙo da fara'arta, hannuwanta sun yi jawur. Ta ce, "Inna Yagana, kin ga aiki? Ruwa kala-kala na zubar kafin ya fita. So nake ranar Asabar Baffa ya saɓa shi ya fita cikin mutane ba a raina shi ba."

Sai ga Yero ya shigo da damin ciyawa a ka. Ya sauke, ya zo ya tsaya gaban bargon. Ya ɗaga gefensa ya kai fuska, ya daɗe a haka. Da ya sauke, sai ya dubi bango ya ce, "An gode. Allah ya yi albarka." Yarinya ta koma ɗaki tana jin daɗi.

Bargon sojan nan ba ya wuyar bushewa, kafin la'asar ya bushe ƙarau. Yero ya ɗaura wa 'yar, ya tura ta, ko Allah zai sa. Saye ta shinshina sau ɗaya, ta yi atishawa, ta kai mata shurin da ya kifar da ita can gefe.

A nan haƙurina ya ƙare. Na kira Habibatu bakin katanga na zayyana mata komai, ban rage ba, don ni ban iya kunyar Fulani ba. Na ga fara'ar ta zube daga fuskarta. Ta ce, "Me ya sa bai gaya min ba?" Na ce, "Ke me ya sa ba ki tambaya ba?" Ta toshe baki da mayafi ta yi ta kuka ba sauti. Sai kuma tausayinta ya kama ni, don da zuciya ɗaya ta yi.

Babu abin da ba a gwada ba. Yero ya barbaɗa wa 'yar kanwa da gishiri a gadon baya ko Saye za ta lasa, ta kau da kai. Ya shafa mata fitsarin Saye, a banza. Aka ɗaure wa Saye ƙafafu aka sa 'yar a hantsa, ta ƙanƙame nononta, ko ɗigo. Habibatu ta sayo madara wurin masu talla tana ba ta da yatsa, sai zawo ya kama ta. Kafin Juma'a idanunta sun faɗa, in ta miƙe ƙafafunta na rawa. Mansir ya shigo a gajiye ya dube ta ya ce, "Baffa, ka sa wa ranka sanyi. In an ba da mulkin kai za a ƙara mana girma, in sayo maka karsana wadda ta fi wannan."

Yero ya ce, "A wace kasuwa ake sayar da wadda kakata ta tatsi kakarta?"

Ranar Juma'a da yamma sai ga Fatu mai tallan nono, matar Babayo, ɗan ƙanen uban Yero, wanda ya yi ruga can bayan Yelwa a gindin duwatsu. Ta ce su ma wata saniyarsu ta rasa ɗa shekaranjiya, fatar na nan a rataye. Ta ce amma suna shirin tashi, ruwa ya ɗauke, za su yi kudu. Da ta tafi na ga Yero ya zauna ya yi tagumi. Na ce, "To me kake jira? Allah ya kawo mafita ka zauna kana ƙirga tururuwa?"

Ya ce, "Ba ki gane ba, Babarbariya. Ba a kai wa mutum maraƙa ya ba ta nonon da 'ya'yansa za su sha, ya yi ta yawo da ita rani da damina, sannan a zo a ce a ba ni abina. Wadda garke ya rena ta garken ce. In na kai ta, kyauta na kai."

Na ce, "In ka bar ta nan fa?"

Ya ce, "In na bar ta nan, tawa ce har ta mutu."



Asabar da sassafe gari ya tashi da kiɗa. Ina ɗaura ɗankwali zan tafi kallo na hango Yero ya saɓo 'yar a wuya yadda makiyaya ke yi, ƙafafunta biyu a kowane hannu, bargon a kafaɗa. Ya ce ɗora ta a jaki ba zai yiwu ba, jijjiga za ta ƙarasa ta. Na bi bayansa ina mita. Bai kai bakin lungu ba gwiwoyin suka ci amanarsa, ya durƙushe a gaban rumfar maƙera, yana riƙe da ita kar ta bugu. Ya yunƙura, ya kasa.

Sai ga Habibatu ta fito da sabon zanenta na biki. Ta zo ta tsaya a gabansa, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Baffa, kawo ta."

Ya ɗaga kai ya dube ta. Ya ce, "Da nisa, 'yata."

Ta ce, "Na sani."

Ta zare bargon daga kafaɗarsa, ta duƙa. Ni da shi muka ɗora mata 'yar a baya, muka lanƙwashe mata ƙafafu, ta zagayo da bargon ta ɗaure a ƙirji, ta tamke ƙasa a ƙugu, goyo sosai irin na ɗan mutum. Yunwa ta riga ta cinye nauyin 'yar. Ta ɗora haɓarta a kafaɗar Habibatu ta lumshe ido.

Duk garin wuri ɗaya ya nufa, mu kaɗai muka ba shi baya. 'Yan makaranta na tafe a jere da 'yan tutocinsu kore da fari, suka gan mu layi ya wargaje, malaminsu na tsawa shi ma yana dariya. Mata suka riƙa cewa, "Barka, amarya, yaushe aka yi suna?" Ni nake rama mata, ita ko kallonsu ba ta yi. A wata mararraba muka yi kiciɓis da Chijioke, ya sa tsohuwar rigarsa ta soja da lambobi a ƙirji. Ya tsaya ya ƙura wa goyon ido, ya gane kayansa. Ya ce, "Baba, irin wannan bargo mun ɗauki mutum mai rauni da shi. Ɗauki saniya kam, yau na fara gani." Ya ƙame ya sara mana har muka wuce.

Da muka fita ganuwa sai duniya ta yi tsit. Yelwa a lokacin gonaki ce da daji. Dawa ta yi kai ta sunkuyo a kan hanya, raɓa na jiƙa mana ƙafa, duwatsu na can gaba shuɗi-shuɗi, muna tafiya suna matsawa. Kiɗan gari ya riƙa zuwa yana komawa yadda iska ta ga dama, har na kasa bambance shi da bugun ƙirjina. Ban san tsawon tafiyar ba. Na san dai mun huta a ƙarƙashin wata ɗorawa, mun jiƙa wa 'yar baki a wani rafi, kuma duk sanda na ce Habibatu ta sauke in karɓa sai ta girgiza kai. Gumi ya jiƙe bargon, zawo ya ɓata mata sabon zane, ba ta ko duba ba. Yero kuwa tun da ƙafarsa ta taka ciyawa ya canza. Ya daina ɗingishi sosai, yana nuna mata itatuwa da sanda yana gaya mata sunayensu da abin da suke yi wa saniya, ita kuma tana tambaya. Maganar da ba su yi ba a shekarun zamansu gida ɗaya, a hanyar nan suka yi ta.

Mun iske ruga an fara kwance bukkoki. Babayo ya taso ya tarye mu, suka yi gaisuwarsu mai tsawo har na ƙosa na ce a bar sauran sai an ga abin da ya kawo mu. Aka kwance goyo. 'Yar ta kasa tsayuwa, Habibatu ta durƙusa ta tallafe ta ta ƙarƙashin ciki. Fatu ta kawo fatar ta rufa mata a baya. Aka jawo saniyar, wata ja mai sanyin hali, hantsarta ta cika har tana ɗiga. Ta shinshina fatar, ta yi irin gurnanin nan, ta soma lasa. Yero ya matso nono a yatsa ya shafa wa 'yar a baki. Ba ta motsa ba. Ya sake.  Can ta motsa leɓe, ta laluba, ta kama. Da farko a hankali, sannan ta soma zuƙa har muna jin haɗiyarta, ƙafafun da ke rawa suka kafu a ƙasa, Habibatu ta zare hannuwanta.

Yero ya kira Babayo kusa. Ya kwance 'yar igiyar da ke wuyan maraƙar ya riƙe, ya soma lissafi. Wannan 'yar Fure ce, Fure 'yar Wule ce, Wule 'yar wance ce, ya yi ta komawa baya yana faɗin kowace da kamanninta da inda aka haife ta, wadda ta ƙetare kogi da ciki, wadda ta kori kura ita kaɗai, har ya kai kan shanun kakarsa. Babayo na maimaitawa bayansa don ya riƙe. Da suka gama Yero ya sa masa igiyar a hannu ya ce, "Na ba ka ita, duniya da lahira. In ta haihu ka gaya wa 'ya'yanka ko su wane ne iyayenta."

Babayo ya karɓa da hannu biyu. Ya ce mu tsaya a dama fura, Yero ya ce rana na yi. Ya ɗauki bargonsa daga ƙasa ya ninke ya saɓa, muka juya. Mun ɗan taɓa tafiya sai ya tsaya, ya waiwaya, ya yi mata kira da irin muryar da suke kiran maruƙa. Shanun Babayo ma sai da wasu suka ɗaga kai. Ita kuwa tana can ƙarƙashin jar saniya, kumfa a baki, wutsiya na kaɗawa. Ya sake kira, ya fi na farko ƙarfi. Ko kunne ba ta motsa ba.

Habibatu ta kama kuka. Ni ma na buɗe baki in ba shi haƙuri, sai na ga dariya yake yi, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Kin gani, Babarbariya? Ko waiwayowa ba ta yi ba. Wannan za ta rayu."